Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Aikin Gona Na Jihar Katsina Kan Gishiri Da Kanwa A Gonakin Rani

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Aikin Gona na Jihar Katsina, tare da shugabannin KTARDA, hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta jiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, muna gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka. Masu wannan wasiƙa malaman gona ne, wasu na bakin aiki wasu sun yi ritaya, tare da manoman rani na ƙasar Daura da ta Katsina. Muna magana ne a madadin masu lambun da ƙasarsu ta fara fitar da fari-fari a kan kunya, waɗanda kowace shekara suke ƙara buhun taki amma amfani sai baya yake yi, da waɗanda suka riga suka bar wani ɓangare na gonarsu ya koma fako.

Mun ga ƙoƙarin da ake yi na faɗaɗa noman rani, kuma ba mu da ja a kansa. Sai dai abin da ke isa hannun manomi shi ne inji da taki da iri. Takardar da za ta gaya masa yawan gishirin da ke cikin ruwan da zai zuba, da wanda ya riga ya taru a ƙasarsa, ba ta cikin kayan. Buƙatarmu ita ce a shigo da amfanin gona masu jure gishiri cikin shirin rani na jiha. Amma idan aka raba irin kamar yadda ake raba taki, kowace ƙaramar hukuma da kasonta, ba awo ba magudana, asarar kuɗi za a yi, kuma manomi zai yanke ƙauna daga abin da zai iya cetonsa.

Babu ruwan ban-ruwa da ba ya ɗauke da gishiri, har wanda ke da daɗin sha. Ana auna shi da ƙaramar na'ura mai gwada yadda lantarki ke ratsa ruwa, ma'aunin kuma ana rubuta shi dS/m. Don sauƙi za mu riƙa cewa maki. Ruwa mai maki 1 yana ɗauke da kusan miligiram 640 na gishiri a kowace lita. Hekta guda ta tumatir ko albasa tana iya shan lita miliyan 6 a rani ɗaya. Idan aka buga lissafi, gishirin da aka kai wa wannan hekta ya kusa tan 4, wato buhu 77 mai kilo 50. Shuka ta sha ruwan, rana da iska suka kwashe sauran, gishirin ya zauna. A wajen Funtua, inda damina ke kai milimita 1,000, ruwan sama yana wanke kaso mai yawa. A Daura da Mai'adua da Zango da Baure da Kaita da Jibiya kuwa damina tana tsakanin 500 zuwa 700 ne, cikin kusan wata huɗu. A jigawa wannan kan isa, domin rairayi ba ya riƙe komai. A fadama mai laka, inda ruwa ke kwanciya, ba ya isa.

Kukanmu na farko shi ne rashin awo. Gonaki ba ciwo ɗaya suke yi ba. Ruwan madatsu irin na Jibiya da Zobe da Ajiwa da Sabke da Daberam ruwan sama ne da aka tare, galibi gishirinsa kaɗan ne. Abin tsoro a irin waɗannan wurare shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso. Mai rijiyar burtsatse kuwa matsalarsa tana iya kasancewa a cikin ruwan kansa, kuma rijiyoyi biyu a ƙauye ɗaya na iya bambanta sosai. Masu lambun gefen birni da ke shan ruwan kwata nasu daban ne, domin sabulu da omo da gishirin girki duk suna ciki. Ba a gane wannan da ido ko da harshe.

Awon ba shi da wuya. A bar inji ya yi aiki minti 15 kafin a ɗebi ruwa, a ɗauraye kwalbar da ruwan da za a auna. Ƙasa da maki 0.7 babu damuwa. Daga 0.7 zuwa 3 sai da lura da dabara. Sama da 3 ba ruwan kayan miya ba ne. A auna sau biyu, a Nuwamba da kuma Afrilu, domin rijiya tana ƙara gishiri idan ruwanta ya ja. Yawancin na'urorin hannu suna nuna lamba a µS/cm, inda 1,000 ke daidai da maki 1, kuma sai an riƙa daidaita su da ruwan gwaji mai lamba 1,413, in ba haka ba bayan 'yan watanni ƙarya za su riƙa faɗa.

Ita kuma ƙasa, a ɗebo ta a zurfi uku: daga sama zuwa santimita 15, daga 15 zuwa 30, daga 30 zuwa 60. Kada a haɗa ta wurin da ya mutu da ta wurin da ke da kyau a leda ɗaya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, sakamakon sai ya fito tsaka-tsaki, ya nuna lafiya ƙalau alhali rabin gona na ƙonewa. A shanya a inuwa, a daka, a haɗa awo ɗaya na ƙasa da awo biyar na tataccen ruwa, a girgiza sosai, a bari ta kwanta, a auna. A nan ma akwai tarko. Teburin juriyar shuka da za mu kawo a gaba an gina shi ne a kan wani gwajin ɗakin bincike, saboda haka lambar da aka samu ta wannan hanya sai an ninka ta: kusan sau 14 a ƙasa mai rairayi-rairayi, sau 10 a matsakaiciya, sau 7 a laka. Malamin gonar da ya ga 0.6 a ƙasa mai rairayi ya ce wa manomi ya dasa albasa, ya tura shi ga asara, domin ainihin makin ya haura 8.

Kuka na biyu shi ne wanda ya fi damun mu. Manomi yakan ce gonarsa ta yi kanwa, amma cuta biyu ce a nan, kuma maganin ɗaya yana ƙara tsananta ɗayar.

Ta farko ita ce tarin gishiri mai narkewa. Alamarta farin ɓawo a kan kunya, da tsiro jefi-jefi, da bakin ganye da ya ƙone, da shukar da ke yaushi da rana alhali ƙasa na jiƙe. Yadda gishiri ke jawo ruwa daga jikin yankakkiyar albasa, haka yake hana saiwa jan ruwa. Ƙasar da makinta ya wuce 4 ta shiga wannan layi. Amma ruwa yana ratsa ta, don haka tana wankuwa.

Ta biyu ita ce wadda sinadarin sodiyam ya manne wa laka ya tarwatsa ta. Ruwa yakan kwana biyu ko uku a fangali bai nutse ba. Idan ta jiƙe santsi, idan ta bushe fartanya na tsalle a kanta. Wani lokaci ana ganin baƙin tabo mai maiƙo-maiƙo a sama, ruɓaɓɓen taki ne da ya narke ya taso. Ma'aunin pH, mai nuna tsami ko kanwar ƙasa, yakan wuce 8.5. Gwajinta a gida: a saka ɗan busasshen ɓarɓashin ƙasa kamar ƙwayar wake a faranti mai ruwan sama, kada a motsa. Idan cikin awa biyu hazo ya kewaye shi, ruwan ya yi fari, sodiyam ne. Irin wannan ƙasa idan aka ce za a wanke ta da ruwa zalla, ƙara toshewa take yi. Kuma ruwan rijiyar da makinsa bai da yawa yana iya haifar da ita idan yana ɗauke da sinadarin bayikabonet da yawa, abin da na'urar hannu ba ta nunawa. Shi ya sa duk rijiyar da za a ba ta inji ya kamata samfurinta ya je ɗakin gwaji ko sau ɗaya.

Maganin ta biyu shi ne jifsum, dutsen nan da ake sarrafawa a yi P.O.P., wanda masana'antun siminti ma ke saye. Ana haƙo shi a jihar Sakkwato da wajen Fika a Yobe, ba sai an yi odarsa daga waje ba. Yawansa yana bin sakamakon gwaji ne, amma a matsakaiciyar ƙasa tan 2 zuwa 5 a hekta shi ne abin da aka saba. Sai an niƙa shi ya yi laushi, a baza, a cuɗa shi da santimita 10 zuwa 15 na sama, kada a binne shi da zurfin garma. Lokacinsa watan Mayu, gab da faɗuwar damina, domin ruwan sama ya narkar da shi ya tura sodiyam ƙasa. Farar ƙasa ba ta maye gurbinsa, ba ta narkewa a irin wannan ƙasa. Toka kuwa, wadda mutanenmu ke kwasowa daga juji suna kai wa gona da kyakkyawar niyya, ƙara wa cutar ƙarfi take yi. Wannan kaɗai ya isa a yi shela a rediyo.

Kuka na uku magudana. Gishirin da aka wanke dole ya sami inda zai tafi. Ƙa'idar da masana ke aiki da ita ita ce, ruwa mai zurfin santimita 30 da ya ratsa ƙasa yana fitar da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na gishirin santimita 30 na sama, kuma ya fi aiki idan aka zuba shi kashi-kashi, ana barin kwanaki tsakani. To amma idan ruwan ƙarƙashi ya taso ya rage mita ɗaya da rabi zuwa biyu ya iso sama, wankin banza ne. Zafin Maris da Afrilu zai jawo shi sama, ya bushe, ya ajiye gishirinsa daidai inda saiwa take. Duk magudanar da ta cike da yashi da ciyawa, ko wadda wani ya toshe ya yi shuka a ciki, tana kashe gonakin da ke ƙasa da ita a hankali. Kanal ɗin da ke yoyo shi ma haka. Mai gonar ƙarshen layi shi ke biyan bashin sakacin na sama.

A nan ne muke so a dubi injin sola da kyau. Alheri ne, ya raba manomi da tsadar fetur. Amma tsadar fetur ɗin nan ita ce ke sa mutum ya kashe inji da zarar fangali ya cika. Yanzu da rana ce ke biya, akwai masu barin ruwa na kwarara tun hantsi har la'asar. Ruwan da ya wuce kima a ƙasar da ba ta da magudana ba wanki ba ne, tayar da ruwan ƙarƙashi ne. Ƙarin da ake buƙata don wanki yana da lissafinsa. Da ruwa mai maki 1.5, kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan da aka ba albasa sai ya wuce ƙasan saiwa kafin ta tsira da amfaninta. Tumatir kashi 14 cikin ɗari, alkama kashi 5 kacal. Wannan ma hujja ce ta sauya shuka inda ruwa ke da gishiri kuma ba shi da yawa.

Na huɗu gajere ne. Shukar da gishiri ya kama tana kama da mai yunwa, sai manomi ya ƙara kamfa da yuriya. Takin zamani shi ma gishiri ne. Kashin kaji idan aka lafta shi haka yake. A irin wannan gona a raba taki kashi uku ko huɗu, kada a zuba shi a ramin iri, a fifita sufa, domin kusan rabinsa jifsum ne, a kuma yawaita ruɓaɓɓen takin shanu da karmami.

Yanzu ga maganar shukar kanta. Alƙaluman da za mu kawo na masu bincike ne a Amurka da suka fara tattarawa a 1977, waɗanda FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke aiki da su har yau. Kowace shuka tana da makin da take fara asara daga gare shi. Karas 1.0, albasa 1.2, latas 1.3, tattasai da danginsa 1.5, masara da dankalin turawa 1.7, kabeji 1.8, tumatir 2.5, shinkafa 3.0. Ranka ya daɗe, ka dubi wannan jeri, shi ne ainihin abin da manomin rani na Katsina ke nomawa. Kusan duk abin da muke dasawa yana cikin masu rauni. A ɗaya ɓangaren akwai dabino 4.0, wake 4.9, alkama 6.0, dawa 6.8, auduga 7.7, sha'ir 8.0.

Ga abin da wannan ke nufi a aljihu. A gonar da ta kai maki 4, albasa ta yi asarar kusan kashi 45 cikin ɗari, tattasai 35, masara 28, tumatir 15, shinkafa 12, alkama ko ɗaya. Mai samun buhu 100 na albasa ya koma 55, kuɗin ruwa da taki da ƙwadago kuma ba su ragu ba. A maki 8 albasa ta tafi gaba ɗaya, tumatir ya haura rabi a asara, wake ya rasa kashi 37, dawa 19, alkama 14, sha'ir bai ji komai ba. Saboda haka shawarar da ya kamata ta fita daga bakin malamin gona ba ta wuce haka: ƙasa da 2 a noma abin da aka ga dama, daga 2 zuwa 4 a bar albasa da karas da tattasai, a koma tumatir, daga 4 zuwa 8 alkama a rani, dawa ko auduga a damina, sama da 8 sha'ir da ciyawar dabbobi, ana gyaran ƙasa a lokaci guda.

Teburin bai faɗi komai da komai ba. Alkama da sha'ir suna da juriya ne bayan sun kafu. Lokacin tsiro, idan saman ƙasa ya wuce maki 4 zuwa 5, tsiron zai yi giɓi. Don haka sai an yi ban-ruwa mai nauyi kwana kaɗan kafin shuka, a tura gishiri ƙasa, a shuka a danshi, a kuma ƙara iri da kusan kashi ɗaya cikin biyar a kan kilo 100 zuwa 120 da aka saba a hekta. Lokacin alkama daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ne. Irin da ya iso a Janairu zai fitar da kai cikin zafi, ya yi tsamurarriyar ƙwaya, sannan a ɗora wa gishiri laifin da na makara ne. Dawa tana da babban maki amma idan ta wuce shi faɗuwarta da sauri ce, kashi 16 a kowane maki. Wake yana jure gishiri daidai gwargwado amma ba ya jure sodiyam, don haka a ƙasar da ruwa ke kwana kada a kai shi. Shinkafa akasin haka take: tana da rauni a gishiri amma tana jure sodiyam, har ana amfani da ita wajen gyaran irin wannan ƙasa bayan an zuba jifsum. Sai dai mai shinkafa yana tayar wa maƙwabcinsa ruwan ƙarƙashi, don haka sai a inda magudana ke aiki.

Inda aka sa iri a kan kunya ma yana raba mai samu da mai asara. Idan ana sakin ruwa a kwarin dama da na hagu, gishiri yana taruwa a tsakiyar ƙololuwar kunya, daidai inda aka saba shuka. A sauko da iri kafaɗar kunya, kusa da bakin ruwa, ko a yi faffaɗar kunya mai layi biyu a bar tsakiya wa gishiri. Mai ban-ruwa a kwari ɗaya yana tsallake ɗaya kada ya sauya, domin ranar da ya saki ruwa a busasshen kwarin zai koro gishirin da ya taru cikin saiwa. Mai ɗigo da tiyo kuma gishirinsa yana zama a gefen da'irar da ta jiƙe. Yayyafin farko na iya mayar da shi ciki, don haka ba a kashe ɗigo saboda an ga yayyafi. A rufe ƙasa da karmami ko ɓuntun shinkafa don rage bushewa. Idan an kankare farin ɓawo, a fitar da shi daga gona, kada a tara shi a kan iyaka.

Game da ingantaccen iri, wasu ƙasashe sun yi nisa. Indiya tana da cibiyar binciken ƙasa mai gishiri a Karnal tun 1969, ta fitar da alkama irin KRL 210 da shinkafa irin CSR 36. Akwai cibiyar binciken noma a ƙasa mai gishiri ta ICBA a Dubai, da cibiyar binciken shinkafa ta AfricaRice da ta daɗe tana aiki a kwarin kogin Sanagal. Amma irin da ya yi kyau a Indiya bai zama dole ya jure zafin Maris na Daura ba. Hanyar ita ce ta cibiyoyinmu: ta Tafkin Chadi a Maiduguri mai kula da alkama da sha'ir da gero, ta binciken aikin gona (IAR) a Samaru mai dawa da auduga da wake, ta binciken hatsi (NCRI) a Badeggi mai shinkafa, ga kuma tsangayar noma ta Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-ma a cikin gida. A yi gwaji a gonakin manoma a matakin gishiri uku, rani biyu a jere, kowane sabon iri a gefen wanda manomi ya saba, ana auna ƙasa ranar shuka da lokacin fure da ranar girbi. Gwajin da ba a rubuta makin ƙasarsa ba bai tabbatar da komai ba. Kada kuma a raina irin gida. Dawa ko geron da ke tsayawa a tabon da komai ya mutu ya cancanci a tsince shi a kai Samaru. Muna kuma jan kunne game da ɗan kasuwar da zai zo da leda mai rubutun jure gishiri ba tare da shaidar hukumar iri ta ƙasa ba. Ana yawan ambaton kinowa ma, wata ƙwayar abinci ta Kudancin Amurka, kuma gaskiya tana da juriya, amma ba ta son zafi lokacin fure, kuma har yanzu ba abincin da ake nema a kasuwanninmu ba ne. Ta zauna a filin gwaji tukuna.

Dole mu faɗi abin da manomi zai faɗa da kansa: hektar alkama ba ta kawo kuɗin hektar albasa mai lafiya. Ba wanda zai sauya sai wanda albasarsa ta riga ta gaza, shi ma sai ya ga mai saye. Alkama tana da kasuwa, daga masu taliya da gurasa da alkaki da finkaso har kamfanonin fulawa. Auduga tana da masu gurza a Funtua. Sha'ir ne mai wuya, mafitarsa mafi kusa abincin dabbobi, ga masu turkar raguna da shanu da ke kai wa kasuwanni irin Mai'adua da Charanci. A gonar da ta wuce maki 8, kiri-kiri da muke yaƙa a lambu yana jure kusan maki 7 kafin ya fara raguwa, kuma dabbobi na cin sa. A keɓe masa wuri don kada ya yaɗu. Zamarke idan aka shuka shi a damina aka kife shi kafin ya yi itace yana buɗe ƙasa mai sodiyam. Bagaruwa na iya tsayawa a gefen fako. Dabino asararsa a hankali take, ƙasa da kashi 4 a kowane maki, kuma akwai tashar bincikensa a Dutse, amma sai an jira shekara huɗu zuwa biyar, kuma a dasa 'ya'yan gindi na macen da aka sani, domin ƙwallo rabinsa maza yake fitowa. Alkama da dawa kuma a noma su a dunƙule, manoma da yawa wuri ɗaya; gona ɗaya tilo a tsakiyar lambuna abincin jan-baki ce.

Akwai haɗarin da shuka mai juriya ke zuwa da shi: tana rufe ciwo. Gona ta koma kore, kowa ya huta, gishiri kuwa na ci gaba da hawa. Daga albasa a koma tumatir, daga tumatir alkama, daga alkama sha'ir, bayan sha'ir babu sauran mataki. Wasu masana tarihi suna ganin haka ta faru a kudancin Iraƙi dubban shekaru da suka wuce. Shi ya sa muke cewa a ɗauki wannan iri a matsayin abin da zai ciyar da manomi a shekarun da ake gyara masa ƙasa, da niyyar gonar da ke maki 6 ta sauko 3 ta koma tumatir.

Ranka ya daɗe, ga roƙonmu kai tsaye.

A ba kowane malamin gona da ke yankin ban-ruwa na'urar awon gishiri da ta pH da ruwan daidaita su, da horon kwana biyu a gona, ba a otal ba. A mayar da awon ruwa sharaɗi: duk rijiyar da za a haƙa ko a ba ta inji da kuɗin gwamnati, a auna ta, a rubuta makin da fenti a jikinta inda kowa zai gani. A kafa bututun roba mai ramuka, zurfin mita 3, a ƙasan kowane sashe na filayen madatsu, wani daga ƙungiyar masu shan ruwa ya riƙa auna zurfin ruwan ƙarƙashi kowane wata yana rubutawa.

Mun san Jibiya da Zobe suna hannun hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ta tarayya, amma manoman 'yan Katsina ne. Muna roƙon ma'aikatarka ta zauna da ita a kan yashe magudanu da toshe yoyon kanal kafin a saki ruwan rani, a kuma sa hakimai da dagatai cikin maganar masu shuka a cikin magudana, domin su ne za a ji.

A sa niƙaƙƙen jifsum cikin kayan tallafi, amma a ba wanda gwaji ya nuna yana buƙata kaɗai, kuma ya iso a Afrilu. A rarraba iri bisa makin gona. A ware kuɗin gwajin rani biyu tare da cibiyoyin da muka ambata, a buga sakamakon da Hausa ko da bai yi daɗi ba. Kafin a ce wa kowa ya noma sha'ir, a nemo mai saye a rubuce.

Dukan wannan yana rataye ne a kan lokaci. Idan ana son alkama ta shiga ƙasa a tsakiyar Nuwamba, awon ƙasa da ruwa sai ya kammala a Oktoba, iri kuma ya kasance a ƙauye kafin watan ya ƙare. Muna neman a ba wakilanmu rana su zo ofishinka da samfurin ƙasa da na ruwa daga gonakin da abin ya shafa, a auna su a gabanka.

Allah ya yi maka jagora, ya ba mu damina da rani masu albarka.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Wasu malaman gona da manoman rani na ƙasar Daura da Katsina